Ƙarin Gida a Harabar Gida: Tambayoyi da Amsoshi kan Rage Ƙarancin Muhalli a Birane

Wane irin gini ake nufi?

Ana nufin ƙaramin gida mai cin gashin kansa wanda aka gina a cikin fulotin da tuni akwai babban gida a kansa, galibi a filin da ya rage ta baya. Abin da ya bambanta shi da ɗakin baƙi ko ɗakin ajiya shi ne yana da ƙofar shigarsa, da kicin, da banɗaki, da wurin kwana, ta yadda mutum ko ƙaramin iyali za su iya rayuwa a cikinsa ba tare da sun taka babban gidan ba. Wani lokaci sabon gini ne daga tushe, wani lokaci gareji ne aka mayar gida, wani lokaci kuma ɓangaren babban gidan ne aka yanke aka huda masa ƙofa ta waje. A mafi yawan wuraren da aka halasta shi, girmansa bai cika wuce ɗaki ɗaya ko biyu da falo ba.

Me ya sa hukumomin birane suka mayar da hankali a kansa yanzu?

Saboda mutane suna ƙaruwa a birane fiye da yadda gidaje suke ƙaruwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2018 cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, kuma ta yi hasashen adadin zai kai kashi 68 nan da shekarar 2050. A Amurka kaɗai, kamfanin lamunin gidaje na Freddie Mac ya ƙiyasta cewa a ƙarshen 2020 ƙasar tana da giɓin gidaje kimanin miliyan 3.8.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika lura da shi ba, wato iyalai sun ƙanƙance alhali gidajen suna nan yadda aka gina su. A 1960 matsakaicin gida a Amurka yana ɗauke da mutum sama da uku, yanzu kuwa adadin ya sauko zuwa kimanin biyu da rabi, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen ƙasar mutum ɗaya ne kacal a cikinsu. Sai ka tarar da tsohuwa ita kaɗai a gida mai ɗakuna huɗu da fili a baya, a unguwar da ke da titi da ruwa da makaranta da asibiti, alhali ma'aikaciyar jinya da ke aiki a wannan asibitin tana tafiyar awa guda kafin ta iso, domin ba ta sami ɗakin da za ta iya biya a kusa ba. Fili a cikin gari yana daga cikin abubuwa mafi tsada a harkar gidaje, kuma wannan filin na baya an riga an biya kuɗinsa, an riga an kai masa hanya da bututu da waya.

Idan fili na mutum ne, me zai hana shi yin gini a cikinsa?

Dokar tsara gari ce take hana shi. A ƙarni na ashirin birane da yawa, musamman a Amurka da Kanada da Ostireliya, sun ware mafi yawan filayen zamansu suka ce gida ɗaya na iyali ɗaya kawai za a gina a kowane fuloti. Kotun Ƙolin Amurka ta amince da ikon birane na rarraba filaye ta wannan hanya a 1926, a shari'ar garin Euclid da kamfanin Ambler, kuma daga nan tsarin ya bazu, har ƙananan gidajen baya waɗanda a da ake gina su ba tare da wata fargaba ba suka koma haramtattu.

Abin da ya fi ba da darasi shi ne yadda birane suka ci gaba da hana ginin ko bayan an halasta shi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ta buɗe ƙofar gida na biyu a fuloti tun 1982, amma aka shafe shekara sama da talatin ba a ga wani abin a-zo-a-gani ba, domin kowace ƙaramar hukuma ta jibga sharuɗɗan da a takarda suna kama da na hankali, a aikace kuwa suna kashe aikin. Za a ce sai fulotin ya kai wani girma da gidaje kaɗan ne suka kai shi, sai an tanadi ƙarin wurin ajiye mota biyu, sai an bar tazara mai faɗi tsakanin gini da katanga, sai an biya kuɗin haɗa ruwa kamar na sabon babban gida, sannan sai an kira taron jin ra'ayin maƙwabta inda mutum ɗaya mai ƙorafi zai iya jinkirta aikin tsawon watanni. Magidanci ba kamfanin gine-gine ba ne da ke da lauya da jarin jira. Da zarar ya ga zai kashe kuɗin zane da na takardu ba tare da tabbacin samun izini ba, sai ya haƙura, ko kuma ya gina a ɓoye.

To me ya sauya a Kalifoniya?

Jihar ta ƙwace wa ƙananan hukumomi ikon cewa a'a ba tare da hujja ba. Dokokin da aka zartar a 2016, waɗanda suka fara aiki a farkon 2017, da kuma na 2019 waɗanda suka fara aiki a farkon 2020, sun tabbatar da cewa ba da izini aikin ofis ne: ma'aikaci zai duba zane, in ya cika ƙa'idojin da aka rubuta to dole ya sa hannu, babu taron maƙwabta, babu ra'ayin kwamiti. An ƙayyade kwana 60 a matsayin wa'adin amsa takardar da ta cika. An hana birni ƙin amincewa da gida mai faɗin murabba'in ƙafa 800, wato kimanin murabba'in mita 74, muddin ya bar tazarar ƙafa huɗu daga iyakar gefe da ta baya. An soke harajin raya unguwa ga ginin da bai kai murabba'in ƙafa 750 ba. An hana birni tilasta tanadar wurin ajiye mota idan gidan yana cikin tazarar rabin mil daga tashar motar haya ko jirgin ƙasa, kuma wanda ya mayar da garejinsa gida ba za a tilasta masa samar da wani wurin ajiye motar a madadinsa ba. Sharaɗin cewa dole mai fuloti ya zauna a ɗaya daga cikin gidajen biyu, wanda ya daɗe yana tsorata bankuna, an dakatar da shi a 2020, sannan a 2023 aka yi dokar da ta soke shi dindindin ga cikakkun gidajen baya.

Sakamakon ya fito fili. A 2016 izinin da aka bayar a duk faɗin jihar bai wuce dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba, amma a 2021 ya haura 20,000 a shekara. A ganina wannan shi ne babban abin da duk wani birni ya kamata ya ɗauka daga labarin: mutanen suna son ginin tun can, fili yana nan tun can, abin da ya ɓace shi ne tabbacin cewa in ka bi ƙa'ida za a ba ka izini cikin lokaci sananne.

A Kalifoniya kaɗai ake yi?

A'a. Birnin Vancouver na Kanada ya halasta ƙananan gidaje masu fuskantar lungun baya tun 2009, Toronto ta biyo baya a 2018, ta kuma faɗaɗa damar zuwa gidajen da ba su da lungu a 2022. A Amurka, birnin Portland ya yafe kuɗin haɗa ababen more rayuwa daga 2010, kuma nan take masu neman izini suka ƙaru. Seattle ta yarda da ƙarin gida biyu a fuloti ɗaya a 2019, jihar Washington ta shimfiɗa irin wannan dama ga biranenta a 2023, ita ma Massachusetts ta halasta gini har murabba'in ƙafa 900 a dokar gidajenta ta 2024. A Ostireliya, jihar New South Wales ta sauƙaƙa izinin gida mai murabba'in mita 60 a fulotin da ya kai murabba'in mita 450 tun 2009, jihar Victoria kuma ta ɗage buƙatar izinin tsara gari ga mafi yawan irin waɗannan gidaje a ƙarshen 2023. Birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya ba masu fuloti damar gida na biyu a 2016, sannan na uku a 2020.

Su wane ne suke zama a irin waɗannan gidaje?

Kashi biyu ne mafi yawa: 'yan haya da dangi. Akwai iyayen da suka manyanta waɗanda 'ya'yansu suke son su kasance kusa amma kowa da ƙofarsa, akwai ɗa ko 'ya da suka fara aiki ba su kai ga iya kama haya a kasuwa ba, akwai mai larura da ke buƙatar mai kula da shi ya kwana kusa. Wasu dattawan ma su ne suke komawa ƙaramin gidan, su bar wa 'ya'yansu babban ko su ba da shi haya, kuɗin ya riƙe su a unguwar da suka shafe rayuwarsu a ciki. Gida ɗaya kan yi duk waɗannan ayyuka ɗaya bayan ɗaya cikin shekara ashirin, shi ya sa ya dace tun a zane a yi ƙofofi masu faɗin da keken guragu zai wuce, a kuma guje wa matakala a bakin ƙofa da cikin banɗaki.

Shin zai sa kuɗin haya ya sauko?

Zai taimaka, amma bai kamata a yi wa mutane alkawarin da ya wuce gaskiya ba. Kowane sabon gida yana rage yawan masu rububin tsofaffin gidaje, kuma ƙaramin gida hayarsa ta fi ta cikakken gida sauƙi a unguwa ɗaya, don haka yana buɗe wa mai matsakaicin albashi ƙofar unguwar da a da ba zai iya kusantarta ba. Sai dai sabon gini yana da tsada, kuma wanda ya ci bashi ya gina dole ya sa hayar da za ta biya bashin. Wani kaso na gidajen kuma ba ya shiga kasuwa sam, domin dangi ne a ciki ko an mayar da shi ofis. Mai ƙaramin ƙarfi ƙwarai, wanda ko ɗaki ɗaya ke gagararsa, yana buƙatar gidajen gwamnati ko tallafin haya, kuma birnin da giɓinsa ya kai dubban ɗaruruwa ba zai tsere wa gina manyan benaye kusa da hanyoyin sufuri ba. Ina jin tsoron 'yan siyasar da za su rungumi gidajen baya saboda ba sa tayar da ƙura, su fake da su su guje wa waɗancan ayyuka masu wuya.

Me ya sa ƙaramin gida yake cin kuɗi haka?

Domin sassan da suka fi tsada a kowane gida, wato kicin da banɗaki da fandisho da haɗin ruwa da wuta, duk suna nan a ƙarami kamar yadda suke a babba, ɗakunan kwana masu arha ne kawai suka ragu. Ga kuma wahalar wurin aiki: babbar mota ba za ta iya shiga baya ba, sau da yawa da baro ake shigar da yashi da bulo ta siririyar hanyar da ke gefen gida, kuma haƙa ramin bututu daga can baya zuwa titi yakan bi ta ƙarƙashin daɓen da sai an fasa shi. Mayar da gareji ya fi sauƙi idan gininsa yana da ƙwari, amma da yawa ba a yi musu fandishon da zai ɗauki gidan zama ba.

Samun rance ma matsala ce ta daban, kuma a nan ne rashin daidaito yake shigowa. Wanda ya daɗe da mallakar gida mai daraja zai iya jinginar da shi ya sami kuɗi, mai ƙaramin ƙarfi kuwa, wanda ya fi kowa buƙatar kuɗin hayar, shi ne banki yake juya wa baya. An fara gyara wannan a Amurka: a 2023 hukumar inshorar lamunin gidaje ta tarayya ta yarda a lissafa wani kaso na hayar da ake sa ran samu a cikin kuɗin shigar mai neman rance, Kalifoniya ta raba tallafin har dala 40,000 don kuɗin zane da izini da shirya fili, birnin Los Angeles kuma ya fito da zane-zanen da aka riga aka tantance a 2021 domin rage kuɗi da jira.

Ruwa da wuta da magudanai za su iya ɗaukar ƙarin mutane?

A unguwannin da aka shimfiɗa bututu don manyan iyalai sannan iyalan suka ragu, sau da yawa akwai sauran ƙarfi. Amma wannan magana ce ta unguwa baki ɗaya, kowane fuloti kuwa sai an duba shi a kan kansa, kuma a nan ne nake ganin bai kamata a yi sassauci ko kaɗan ba.

A fara da bututun ƙazanta. Ruwa gangare yake bi, don haka idan filin baya ya fi titi ƙasa, bututun ba zai kai ba sai da injin turawa, wanda ke buƙatar wuta da kulawa. Inda babu babban bututun gari ana dogara da sokawe, dole a auna ko ramin da ke akwai zai ɗauki banɗaki na biyu, a kuma tabbatar da nisansa daga rijiya ko burtsatse. Sai wutar lantarki: allon rarraba wutar da aka sa don gida ɗaya zai yi zafi idan aka jona masa murhu da na'urar sanyaya ɗaki da injin dumama ruwa na gida na biyu, kuma jan waya daga tagar babban gida zuwa ginin baya yana daga cikin sanannun musabbaban gobara. Sai ruwan sama, wanda shi ne aka fi mantawa da shi. Filin da a da yake shanye ruwa, idan aka rufe shi da kwano da siminti, ruwan zai nemi hanya, kuma hanyar takan kasance gindin katangar maƙwabci ko ƙofar ɗakin ɗan haya. Gida ɗaya ba ya kawo ambaliya, amma idan layi guda ya shafe filayensa da kankare, kwatar titi za ta cika cikin mintuna. Shi ya sa dokoki masu kyau suke ƙayyade kason fulotin da dole a bari ƙasa ce ko ciyawa.

Abu na ƙarshe shi ne hanyar fita. Dole a sami hanyar da ba a toshe ta da kaya ba daga ƙofar ginin baya har titi, mai faɗin da 'yan kwana-kwana za su ja tiyo, masu ɗaukar mara lafiya kuma su wuce da gado, sannan ɗakin kwana ya kasance da tagar da mutum zai iya fita ta cikinta.

Ƙorafin maƙwabta fa, yana da tushe?

Wani yana da shi, wani ba shi da shi. Tagar bene da ke kallon tsakar gidan maƙwabci cutarwa ce ta gaske, haka ginin da ya tare masa rana ko wanda aka sare babbar bishiya saboda shi, kuma duk ana magance su a zane: a ɗaga tagar sama da tsayin ido, a sa gilashi mai duhu, a juya ƙofa ta fuskanci babban gida, a iyakance tsawo. Batun cunkoson motoci kuwa yakan fi girma a baki fiye da a titi, domin gidajen suna warwatse ne, ɗaya nan ɗaya can, kuma mazaunansu mutum ɗaya ne ko biyu. Akwai kuma ƙorafin da idan aka tone shi za a tarar ƙyamar 'yan haya ce kawai, kuma bai dace doka ta ba wannan matsayi ba.

Me za a yi da waɗanda aka riga aka gina ba da izini ba?

Suna da yawa fiye da yadda alƙaluman hukuma suke nunawa. A Ingila an daɗe ana fama da rumfunan baya da ake cusa baƙin haure a cikinsu a wasu unguwannin Landan irin su Ealing da Newham, har gwamnati ta kafa kwamiti a kan lamarin a 2012, garin Slough kuma ya yi amfani da jirgin sama mai kyamarar gano zafi a 2013 domin gano rumfunan da mutane ke kwana a ciki. A garuruwan Afirka ta Kudu iyalai masu ɗimbin yawa suna zaune a ɗakunan kwano da katako a bayan gidajen wasu, suna raba famfo ɗaya da banɗaki ɗaya da mita ɗaya da mai gida. Wannan yana nuna cewa inda ake matsin muhalli mutane za su gina ko an yarda ko ba a yarda ba, abin da hani yake yi shi ne ya hana mai duba gini ganin wayar wutar, ya kuma hana ɗan haya kai ƙara don tsoron a rushe masa makwanci.

Rushewa tana jefa mutane kan titi ba tare da ta ƙara ɗaki ko ɗaya ba. Hanyar da ta fi ita ce a yi afuwa mai sharaɗi: mai gini ya fito ya bayyana, a duba abubuwan da suka shafi rai, wato waya da iska da hanyar fita da tsaftar ruwa, ya gyara su, a ba shi takarda ba tare da tarar da za ta karya shi ba. Kalifoniya ta bi wannan hanya a dokar 2024 da ta shafi gine-ginen da aka yi kafin 2020. Ginin da ba zai gyaru ba kuwa, sai a tanadi inda mazaunansa za su koma kafin a taɓa shi.

Ba za a mayar da su masaukin 'yan yawon buɗe ido ba?

Haɗarin yana nan, musamman a biranen da hayar 'yan kwanaki ta manhajoji irin su Airbnb ta fi hayar wata riba. Portland ta ɗaure yafiyar kuɗinta da sharaɗin cewa ba za a yi irin wannan haya a gidan ba har shekara goma, dokar Kalifoniya kuma ta ba birane ikon hana hayar da ba ta wuce kwana 30 ba.

Za a iya sayar da ƙaramin gidan shi kaɗai?

A mafi yawan wurare ba za a iya ba, domin takardar fili ɗaya ce. Kalifoniya ta ba biranen da suka so damar halasta hakan a dokar 2023, kuma San Jose ce ta fara karɓa a 2024.

Wanda yake da fili kuma yana sha'awa, daga ina zai fara?

Ya fara da ofishin tsara gari kafin ya biya kowa kuɗin zane, ya nemi a rubuce girman da aka yarda, da tsawo, da tazara daga iyaka, da jerin kuɗaɗen da za a caje shi. Daga nan ya sa safiyo ya tabbatar da iyakokin fulotin, domin katanga ba kullum take kan iyaka ba, ya kuma duba takardar filin ko akwai bututu ko layin wuta na hukuma da ya ratsa ta baya wanda ba a gini a kansa. Ya kira mai aikin famfo da mai aikin wuta su duba abin da ke ƙasa kafin a tsayar da wurin ginin, ya tambayi kamfanin inshora da ofishin haraji abin da zai ƙaru a kansa duk shekara, sannan ya karɓi farashi a rubuce daga 'yan kwangila fiye da ɗaya, ya ware wani abu a gefe saboda abin da haƙa zai tono.

Ya kuma yi wa maƙwabtansa bayani da bakinsa, da zanen a hannu, tun kafin motar yashi ta iso. Idan haya zai bayar, ya sa wa gidan mitarsa ta wuta da ta ruwa in hali ya yi, domin rabon kuɗin wuta ne yake fara ɓata tsakanin mai gida da ɗan haya, kuma yarjejeniyar ta fayyace a rubuce wanda ke da ikon amfani da sauran filin, da wurin shanya, da wurin zuba shara, da sanarwar da mai gida zai bayar kafin ya shiga yin gyara.